Kurakuran da muke yi wajen koya wa yara tunani a gida

Na aiki ɗana mai shekara tara shagon bakin layinmu a Tudun Wada ya sayo ƙwai uku, na miƙa masa naira 1,000. Kafin ya zura takalmi na riga na ce, "Kowanne 250 ne, ka karɓo canjin 250." Ya je ya dawo, ba kuskure. Da daddare ya buɗe littafin lissafi ya tarar da tambaya kusan irin wannan, sai ya zauna yana cizon biro. Ashe da rana ni na yi lissafin, shi ƙafa kawai ya ba ni aro.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a gidajenmu, kuma ƙauna ce ke jawo shi: ba ma iya ganin yaro yana fama mu yi shiru. Igiyar takalmi ta ƙulle, mu kwance. Aikin gida ya gagara, Yaya ta karɓi biro ta rubuta don a samu a kwanta. Gyaran ba shi da tsada, sai dai yana cin rai. A mayar wa yaro tambayar: "Nawa kake ganin za a ba ka canji?" Sannan a kame baki. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna yadda malamai ke tambaya a aji, ta gano yawanci ba sa jiran da ya wuce daƙiƙa ɗaya kafin su amsa da kansu ko su koma kan wani ɗalibi. Da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku, amsoshin yara suka ƙara tsawo da ma'ana. Daƙiƙa uku fa. Ki gwada ƙirgawa a zuci, za ki ji yadda harshenki ke ƙaiƙayi. Idan ya kakare da gaske, a ba shi ƙaramar tambaya, kada a ba shi amsa: "To, ƙwai biyu nawa ke nan?"

Sai batun hadda. Mu mutanen allo ne, mun san darajarta, kuma akwai inda ba abin da ke maye gurbinta. Matsalar ita ce mu ɗauka duk wanda ya haddace ya gane. Yaro zai rera miki 7 sau 8 56 kamar waƙa, amma ce masa, "Da ka manta, ta yaya za ka gano?" sai ya zuba miki ido. Zubo masa wake a faranti ya jera layi 7, kowane layi ƙwaya 8. Ranar da ya juya farantin ya ga 8 sau 7 ma haka yake, ya samu abin da bulala ba ta taɓa koya wa kowa ba. Masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, ya nuna cewa tsakanin shekara 7 zuwa 11 yara sun fi yin tunani da abin da hannunsu ke taɓawa. Kina iya gwada nasa gwajin a tsakar gida: zuba ruwa daidai a kofi biyu, juye ɗaya cikin doguwar kwalba, ki tambayi ɗan shekara biyar wanne ya fi yawa. Yawanci kwalbar zai nuna. Ba daƙiƙanci ba ne, lokacinsa ne bai yi ba, kuma tsawa ba ta nunar da ɗanyen mangwaro.

Tunda an ambaci daƙiƙanci: yadda muke karɓar amsar da ba daidai ba yana kashe zuciyar yaro fiye da rashin littafi. An ce 52 a cire 17, ya rubuta 45. Kafin a ce "kai wane irin kai gare ka", a tambaye shi yadda aka yi ya samu 45. Za a tarar ya ga 2 ba ta kai a cire mata 7 ba, sai ya juya ya cire 2 daga 7. Tunani ya yi, hanya ce ta ɓace masa, kuma yanzu an san daidai inda za a gyara. Yaron da ake ranƙwashi duk lokacin da ya kuskure dabara ɗaya yake koya, wato ya yi shiru har wani ya faɗa.

Yabo ma yana da nasa tarkon. A wani bincike na 1998, Carol Dweck da abokiyar aikinta Claudia Mueller sun ga yaran da aka yaba wa da cewa suna da ƙwaƙwalwa sun fi gudun aiki mai wuya daga baya, kan waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu. Maimakon "ɗana akwai kai", a faɗi abin da ya yi: "Na ga da ta ƙi, ka sake ta wata hanyar."

Na ƙarshen da zan ambata shi ne zaton sai an kashe kuɗi. Iyaye su shiga Kasuwar Sheikh Gumi su lodo kayan wasa masu batir, ko su cika waya da manhajojin da aka ce suna buɗe ƙwaƙwalwa, alhali dattawan da ke zaune a gindin bishiya a Kawo ko Rigasa suna buga abin da ya fi su. Dara nake nufi: gurbi 30 a ƙasa, layi 5 sau 6, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, ɗaya da tsinke ɗaya da tsakuwa. Ba ka ci sai ka jera uku, kuma ba ka jerawa sai ka hango abin da abokin wasanka ke ƙullawa tun kafin ya motsa. Abin da ke ba ni haushi shi ne an mayar da ita wasan maza, 'yan mata kuwa suna can wajen wanke-wanke, kamar su ba za su zauna jarrabawa ba. Kacici-kacici ma ba ya cin ko kwabo: "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Kada a tsaya a kan "tsintsiya", a ce yaro ya faɗi dalilin da ya sa ba taburma ba ce, sannan ya ƙirƙiro nasa ya ɗaure mu.

Ranar da aka ɗauke wuta makon jiya, Baffan yarana ya jefa musu tsohuwar wasa ƙwaƙwalwar nan: mutum ne a bakin Kogin Kaduna da kura da akuya da damin harawa, kwalekwalensa ba ya ɗaukar sai shi da abu ɗaya. In ya bar kura da akuya, an san sauran. In ya bar akuya da harawa, haka. Babban ya ce a ɗaure kurar. Baffa ya ce babu igiya. Na buɗe baki zan taimaka, ya ɗaga mini hannu: "Maman yara, ki bar su." Suka ɗauko marfin kwalba, dutse da ɓawon gyaɗa, tsintsiya ta zama kogi. An fi rabin awa ana gardama, akuya ta mutu ya fi sau goma. Can sai ƙaramar, wadda ba wanda ya sa da ita, ta ce, "Baffa, wai an hana shi ya dawo da akuyar ne?"

Ba a hana ba. Suka ƙirga tsallakawar, bakwai cif, tuwo kuwa ya riga ya huce.