Yadda ake tada tsohuwar Pijo 504 a gida

Ta marigayi Babanmu ce, ta fi shekara goma a kafe a bayan gidanmu nan Gangare, tayoyi sun sace, kaji sun mai da ƙarƙashinta akurki. Duk wanda ya leƙo sai ya ce a kira 'yan gwangwan su auna su biya, ni kuma wallahi raina bai ba ni ba, don a bayan motar nan aka riƙa kai mu makaranta cikin sanyin Jos. Kuma 504 ba motar yarwa ba ce, tun 1968 ta fito a Faransa, a 1975 aka fara haɗa Pijo a Kaduna, shi ya sa har yau kayanta ba su ɓace ba, in ka shiga Dilimi ko Farin Gada da haƙuri za ka samu, in ya gagara sai Panteka ta Kaduna.

To kafin ka taɓa sufana, nemo takardu ka duba lambar shasi da ta inji sun yi daidai da abin da ke rubuce. In za ka canza launi ko inji sai an gyara takardun, kar ka gama wahala a tare ka a hanya.

Sai kwancewa. Ɗauki hoton komai da wayarka kafin ka cire, musamman wayoyin wuta, kuma kowane noti da kusa ka zuba a leda ko gwangwanin madara ka rubuta daga inda ya fito, don bayan wata shida ba za ka tuna ba. Cire batir da farko, sannan kujeru, kafet, gilasai, tankin mai.

Yanzu ga inda aikin yake, kuma nan ne mutane ke yin gaggawa: tsatsa. Kowa burinsa ya ga fenti na ƙyalli, alhali ƙasan motar ya rube. Duba inda ake taka ƙafa, gindin ƙofofi, ƙarƙashin batir, bakin gilashin gaba da cikin but. Bi jikin da maganaɗisu, duk inda ya ƙi kamawa to bodi fila aka lafta a wurin, kankare shi har sai ka ga farin ƙarfe. Inda ya huje kar ka yarda a toshe maka da fila, yanke shi za a yi gaba ɗaya a sa sabo. Yadda na yi, na ɗora kwali a kan ramin na zana na yanke, na kwafi siffar a kan farantin ƙarfe mai kauri ɗaya da na motar, na lanƙwasa shi da guduma a kan guntun katako ina gwadawa ina sake bugawa har ya zauna. Wajen walda ka ce wa mai waldan ya yi ɗigo-ɗigo, nan kaɗan can kaɗan yana barin ƙarfen ya huce, in ya ja layi ɗaya a tafi guda zafi zai murɗe farantin kuma ba ya komawa daidai. Wani da na fara ɗauka haka ya ɓata min ƙofar baya, sai da na nemo wata. Dan Allah kar a kunna wuta tanki na jikin mota, ko da babu mai a ciki tururin kaɗai ya isa ya tashi. Ana gamawa a goge a shafa jan fentin nan mai hana tsatsa a ranar, ciki da waje.

Inji kuma mai silinda 4 ne, yawancin na wajenmu mai lita 2, kuma silif ɗinsa, wato bututun da fistin ke sama da ƙasa a ciki, irin wanda ake zarewa ne, ruwa ke zagaye da shi. Saboda haka in an ɗaga kan inji kar a juya kiranshaf, sandar da fistin ke juyawa, sai an danne silif ɗin, in suka motsa abin da ya toshe gindinsu zai saki, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Kan injin alminiyom ne, a kai a duba ko ya lanƙwashe kafin a sa sabon gasket. Tsarin wutar filogi 1-3-4-2 ne, amma Pijo daga wajen giyabos take fara ƙirga silinda ta 1, yaran gareji da yawa nan suke rikicewa. A wanke kafireta da lagireto, a canza duk robobin ruwa da na mai. Nan kam na kira tsohon bakanike da ya yi zamanin Pijo, na ce Baba ka zauna ka nuna min kawai, ni zan riƙe sufana.

Birki ban yi ciniki a kansa ba, komai sabo na sa. Wayoyin wuta ma in sun bushe suna karyewa a sake su duka.

In kana son ƙari irin naka yanzu ne lokacinsa, kafin fenti. Ni fankar lantarki na ƙara a gaban lagireto saboda cunkoson Terminus a tsakiyar Jos, na yanka ƙarfen kwana na ƙera mata mazauni, na ɗaure da noti a ramukan da ke wurin tun asali don duk ran da aka so a cire ba a huda komai ba.

Fenti shi ne kusan ƙarshe. Kar ka fesa ran da hunturu ke busa ƙura ko ana yayyafi, jira rana ta ɗaga, yayyafa ruwa a ƙasa, ka kewaye wurin da tamfol. Sai a mayar da gilasai, mai kushin ya ɗinka kujeru.

Ranar gwaji kar ka nufi Hawan Kibo, doguwar gangarar nan ta hanyar Akwanga, kai tsaye. Fara zagaya unguwa kana sauraron inji kana kallon allurar zafi, sai Bukuru ka dawo, ka leƙa ƙarƙashi ko akwai ɗigo, ka sake ɗaure notin tayoyi. Tamu wata goma sha huɗu ta ci, kuma Hajiyarmu ce ta fara zama a gaba.