Yadda za ka zuba kuɗi dunƙule a bashin gidanka

In kuɗi sun shigo maka, ko ariyas ne ko kwasar adashi, da farko ka ware na ko-ta-kwana, kar ka zuba duka gobe ka koma neman rance.

Sai ka ɗauko takardar yarjejeniya ka duba ko akwai tara in mutum ya biya kafin lokaci, wasu bankunan suna cajin hakan. In bashin NHF ne (asusun gidaje na ƙasa) na FMBN (bankin rancen gidaje na gwamnatin tarayyar Najeriya), mai ruwa kashi 6 cikin 100, to bankin mogej ɗin (wato bankin rancen gida) da ya sarrafa maka shi za ka je.

Ka tambayi ma'aikatan bankin nawa ya rage a bashin. Ka rubuta musu a takarda, ba da baki ba, cewa kuɗin nan a uwar kuɗi za a cire, don in ka yi shiru wani lokaci sai su ajiye su a matsayin biyan watannin gaba, ka ga ruwan bai ragu ba kenan. Wasu bankunan za su ce ka zaɓa, a rage shekaru ko a rage na wata-wata, ni dai rage shekaru na fi so, ya fi kashe ruwa.

Bayan ka tura, karɓi rasit da sabon jadawalin biya, wata mai zuwa ka duba sitatimen.