Yadda Ake Lissafa Nisa da Tsawon Tafiyar Jirgi Daga Kano Zuwa Jidda

Mai niyyar Umara ya karɓi tikitinsa, ya ga tashi daga Kano ƙarfe 2:00 na rana, sauka a Jidda ƙarfe 8:30 na dare. Ya ƙirga a yatsunsa, awa shida da rabi. Ba haka ba ne, awa huɗu da rabi zai yi a cikin jirgi. Ga yadda za ka gano da kanka.

Fara da sanin lambar kowane filin jirgi, haruffa uku ne da ke jikin tikiti da takardar da ake liƙa wa jaka. Filin Malam Aminu Kano shi ne KAN, na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda JED, na Madina kuma MED. Shiga shafin Great Circle Mapper ka rubuta KAN-JED, zai ba ka nisan miƙaƙƙiyar hanya, kimanin kilomita 3,400. Ka duba ma'aunin da aka nuna maka. In mil ne, ninka shi da 1.609 ya koma kilomita. In mil ɗin matuƙa jirgi ne, wanda ake rubutawa nm, to da 1.852 za ka ninka.

Sai rabawa. Babban jirgin fasinja in ya daidaita a sama yana cin kilomita kusan 850 a awa ɗaya. Raba 3,400 da 850, ka samu awa huɗu. Ƙara rabin awa na tashi da sauka da tafiyar hawainiyar da yake yi a ƙasa kafin ya hau titinsa. Ga awa huɗu da rabi nan.

To ina sauran awa biyun tikiti? Agogon Saudiyya yana gaba da na Najeriya da awa biyu, kuma kowane lokaci da ke kan tikiti na garin da aka ambata ne. Tashi da agogon Kano, sauka da agogon Jidda. In za ka tafi, cire awa biyu daga abin da ka ƙirga. In za ka dawo, ƙara su. Shi ya sa jirgin da ya bar Jidda ƙarfe 10:00 na safe yake sauka Kano 12:30, sai ka rantse awa biyu da rabi ya yi. Wanda zai ɗauko ka a fili, gaya masa lokacin tikiti yadda yake, kada ka taya shi lissafi.

Amma fa jirgi ba ya bin layin taswira sak. Miƙaƙƙiyar hanyar Kano zuwa Jidda ta kan Chadi da Sudan take bi, kuma da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazan shekarar suka koma zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo. Saboda haka ni na fi yarda da Flightradar24, shafin intanet mai bin diddigin tafiyar jirage: sa lambar jirginka, ka ga awa nawa ya yi a kwanakin baya.

In kuma tikitin na yada zango ne a Alƙahira ko Addis Ababa, lissafa kowane zango daban, sannan ka ɗora zaman jira a kai. Wani lokacin jiran ya fi tafiyar kanta tsawo, sai ka tanadi guzuri da cajar waya a jakar hannu.