Yadda ma'aikacin gwamnati mai naƙasa zai nemi a daidaita masa wurin aiki a Saudiyya

A ofisoshin gwamnati na Makka da Madina da Jidda akwai 'yan ƙasa masu asalin Hausa da yawa, kuma a cikinsu akwai masu keken guragu da makafi da kurame da masu fama da ciwon sikila. Abin da ya fi cutar da su shi ne kara, domin mutum yakan shekara yana shan wahala a kan abin da takarda ɗaya za ta gyara, yana gudun kada a ce ya cika ƙorafi. Alhali Saudiyya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa tun 2008, yarjejeniyar da ta ɗauki ƙin yi wa ma'aikaci gyaran da bai wuce kima ba a matsayin wariya. An kafa hukumar kula da masu naƙasa a 2018, sannan sabuwar dokar haƙƙoƙinsu ta fito a 2023. Saboda haka mai nema haƙƙinsa yake nema, kuma haka ya kamata takardarsa ta nuna.

Matakin farko shi ne tabbatar da naƙasar a hukumance. A samo rahoton likita na kwanan nan, a kuma yi rajista a Ma'aikatar Kula da Ma'aikata da Ci Gaban Al'umma, wadda harkokin ma'aikatan gwamnati suka koma ƙarƙashinta a 2020.

Mataki na biyu ne ya fi buƙatar natsuwa. Kafin a rubuta komai, ma'aikaci ya bi ranar aikinsa daki-daki, daga wurin ajiye mota har zuwa lokacin tashi, yana rubuta duk inda ya ci karo da cikas. Mai keke zai iya tarar da cewa na'urar basma, wadda ake dangwala yatsa a kanta da safe, an kafe ta a bango sama da inda hannunsa zai kai, ko kuma wurin alwala da masallacin ofis suna bayan matakala, ta yadda sallar Azahar cikin jam'i takan wuce shi kullum. Gangaren da aka yi a ƙofa ma sau da yawa ado ne kawai, domin ƙa'idar da aka saba bi ita ce kowane santimita 1 na tudu ya sami santimita 12 na tsawo, kuma wanda ya fi haka tsayuwa sai an tura mutum. Makaho kuwa yana iya aiki da manhajar karanta allo irin NVDA ko JAWS, amma idan abokan aiki suna turo masa takardu a matsayin hoto, manhajar ba za ta karanta su kai tsaye ba. Kurma yana buƙatar tafintan maganar hannu a taro, ko a ƙalla a ba shi abin da aka tattauna a rubuce. Mai sikila, wanda sau da yawa ba a ganin komai a jikinsa, zafin rana da ƙarancin ruwa da sanyin na'urar sanyaya ɗaki mai tsanani duk suna iya tayar masa da ciwo, don haka sauya masa wurin zama da rage masa aiken waje gyara ne na gaske. Mai wankin ƙoda yakan je asibiti sau 3 a mako, kowane zama kimanin awa 4, kuma abin da yake buƙata shi ne a sassauta masa lokacin dawam, wato awannin aiki.

Daga nan sai a rubuta takarda zuwa ga mudir, wato shugaban ofis, a ba sashen ma'aikata kwafi. Kada a cika ta da tarihin rashin lafiya, wanda sirrin mai shi ne kuma rahoton likita ya wadatar a kansa. Abin da za a bayyana shi ne aikin da ake yi, da abin da ke hana yin sa yadda ya kamata, da gyaran da ake so, a kuma kawo zaɓi na biyu mai sauƙin kuɗi idan akwai shi. Jumla irin "ina roƙon a sauko da na'urar basma, ko a ba ni damar yin rajistar zuwa ta waya" ta fi shafi guda na koke amfani, domin ta ba mudir abin da zai sa wa hannu. A tabbata takardar ta shiga rajistar ofis an ba ta lamba da kwanan wata.

A nan ne da yawa suke yin sakaci. Mudir mai kirki zai ce, "Ba komai, ɗan'uwa, ka riƙa zuwa lokacin da ya yi maka," sai a yi godiya a bar maganar a baki. Ranar da aka yi wa mudir ɗin canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi zai buɗe rajista ya ga makara ta watanni ba tare da wata hujja ba. Duk sassaucin da aka amince da shi, komai ƙanƙantarsa, a nemi a rubuta shi a saka a fayil.

Kada a manta da batun gobara, domin ba a hawa lif idan wuta ta tashi. Mai aiki a bene ya nemi a rubuta wanda zai taimaka masa sauka da hanyar da za a bi, kurma kuma ya nemi ƙararrawa mai walƙiya a ɗakinsa.

Idan an ƙi, a nemi dalilin a rubuce, sannan a ɗaga maganar zuwa shugaban hukumar da ake yi wa aiki. Bayan haka akwai hukumar kula da masu naƙasa da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, akwai kuma Diwanul Mazalim, kotun da ke sauraron ƙarar ma'aikata a kan hukumomin gwamnati. Ƙalubalantar hukuncin ofis yana da wa'adi, saboda haka a tuntuɓi lauya tun ranar da amsar ƙin ta iso, a tafi masa da kwafin takardar farko da lambarta.