Yadda za ka tattara ayyukan Idris Elba ba tare da ka cakuɗa su ba

Ɗalibin wasan kwaikwayo na ABU da aka ba shi furojet kan jarumi guda, kada ya fara da zuwa wajen mai tura fim a Samaru ko PZ ya ce a zuba masa "duk na Idris Elba". Rabi za a zuba, a hargitse, wasu ma ba nasa ba ne. Takarda ake fara ɗauka, a ja layi biyar: shekara, sunan aiki, sunan da ya fito da shi a ciki, fim ne ko shirin talabijin, sannan fuskarsa aka gani ko muryarsa kawai aka ji.

Fara cike ɓangaren talabijin, don a nan ya yi suna. The Wire na tashar HBO a Amurka zango biyar ne, amma Stringer Bell, wanda ya fito a matsayinsa, a zango na uku aka kashe shi. Saboda haka zango uku kake buƙata, daga 2002 zuwa 2004, kashi 37, kowanne wajen awa guda. Kada ka ƙona data a kan na huɗu da na biyar. Luther na BBC kuwa, daga 2010 zuwa 2019, kashi 20 ne kacal: shida, huɗu, huɗu, biyu, huɗu. Mutane kan ga kashi biyu a zango na huɗu su ɗauka an cuce su, alhali iyakarsa ke nan. Luther: The Fallen Sun na 2023 fim ne na Netflix, a layin fim zai shiga.

Waɗannan biyun a kalle su da ainihin muryarsa, ba fassarar Hausa ba. Mutumin haifaffen Landan ne, 1972, mahaifinsa ɗan Saliyo, mahaifiyarsa 'yar Ghana. A The Wire ya murɗa harshe yana magana kamar ɗan Baltimore, a Luther ya koma Turancin gida. Rabin gwanintar tana nan, kuma mai fassara yana ɗora murya ta tafi. Ɗauki fage guda daga kowanne, inda yake magana cikin natsuwa, ka saurara da iyafis sau biyu, na farko da rubutun ƙasa, na biyu babu, ka rubuta bambancin da kunnenka ya kama.

A ɓangaren fim, ware na Afirka su zauna tare, don su ne za su fi ba ka abin rubutawa: Sometimes in April na 2005 kan kisan kiyashin Ruwanda, Mandela: Long Walk to Freedom na 2013, da Beasts of No Nation na 2015, wanda aka ɗauka a Ghana, inda ya fito kwamandan 'yan tawaye mai sa yara ɗaukar bindiga. Fina-finan Marvel kuwa a ambace su a wuce. Heimdall ne tun Thor na 2011, kuma a Avengers: Infinity War tun farkon fim aka gama da shi.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne suna. Beast na 2022 labarin zaki ne, ba ruwansa da Beasts of No Nation. Bastille Day da The Take fim ɗaya ne na 2016, haka Zootopia da Zootropolis, kada ka ƙirga sau biyu. The Office akwai na Ingila, akwai na Amurka, shi a na Amurka ya fito a 2009, duk da cewa ɗan Ingila ne. Akwai kuma wani Luther na 2003 kan malamin coci Martin Luther, ba ya ciki. Maganin duk wannan shekara ce: nemi suna da shekara tare, sannan ka ja fim ɗin zuwa ƙarshe ka duba jerin sunayen da ke hawa.

Layi na biyar yana hana wata kunyar gaban sufabaiza. Shere Khan a The Jungle Book da Chief Bogo a Zootopia, duka 2016, murya ce kawai. A Yardie na 2018 kuwa shi ne darakta, don haka a buɗe masa shafi daban.