Yadda ake sauya sunayen alamomi idan ana mayar da bayanai zuwa XML a C#

XmlSerializer, kayan aikin C# da ke mayar da bayanai zuwa XML, ba ya tambayarka sunan da kake so. Idan kilas ɗinka sunansa Rasit, kuma yana da gurbi (property) mai suna LambarRasit, abin da zai fito a fayil shi ne <Rasit> da <LambarRasit>. Matsalar tana tasowa ne idan manhajar da za ta karɓi fayil ɗin tana jiran <invoice> da <number>. Kada ka sauya sunayen cikin lambar shirinka saboda haka, tambari (attribute), wato ɗan rubutu cikin [ ], ake ɗorawa a kansu.

Da farko ka shigo da System.Xml.Serialization, ka tabbatar kilas ɗin public ne, kuma yana da constructor, wato aikin da ke ƙirƙirar abu daga kilas, wanda ba ya karɓar komai. Sannan a saman kilas ka rubuta [XmlRoot("invoice")], a saman gurbin kuma [XmlElement("number")]. In kana so lambar ta zauna a cikin alamar tushe kamar <invoice id="205">, sai ka sa [XmlAttribute("id")]. Abin da ba ka so ya fita, [XmlIgnore] ya ishe shi.

Wajen jeri ne sababbin hannu suka fi cin tuntuɓe. A ce rasit ɗin yana da List<Kaya> mai suna Kayayyaki. Da yawa sukan ɗora [XmlRoot("item")] a kan kilas Kaya, su buɗe fayil su tarar har yanzu <Kaya> ne. Dalili kuwa, XmlRoot yana aiki ne kawai idan kilas ɗin shi ne tushen fayil baki ɗaya. A kan gurbin jerin za ka sa tambari biyu: [XmlArray("items")] domin alamar da ta naɗe su, da [XmlArrayItem("item")] domin kowane ɗaya. Idan kuma wancan ɓangaren ba ya son abin naɗewa, yana so <item> su jeru kai tsaye a ƙarƙashin <invoice>, to cire biyun nan ka sa [XmlElement("item")] shi kaɗai. Kuma kada ka miƙa List tsirara a matsayin tushe, domin ArrayOfKaya zai raɗa masa. Ka yi masa kilas na kansa, layi huɗu ne ko biyar.

Lura da manya da ƙananan haruffa, don a XML "Number" daban, "number" daban. Idan kuskuren a tushe yake, lokacin karantawa za ka samu InvalidOperationException, da sauƙi ke nan. Amma idan a alama ta ciki ne, shiru za ka ji, gurbin ya dawo null ko sifili, rasit ya wuce babu lamba. Saboda haka ka saurari UnknownElement, sanarwar da XmlSerializer ke bayarwa idan ya gamu da alamar da bai gane ba, duk lokacin gwaji. Kada ka bar tazara a cikin suna, za ta koma _x0020_.

Domin cire xmlns:xsi da xmlns:xsd da XmlSerializer ke cika layin tushe da su, ƙirƙiri XmlSerializerNamespaces, ka kira Add("", ""), ka miƙa shi ga Serialize.

Idan sai shiri yana gudana za a san sunan, ko kilas ɗin ba naka ba ne, akwai XmlAttributeOverrides, wanda ke ba ka damar ɗora tambarin ba tare da taɓa kilas ɗin ba. Sai dai ka gina XmlSerializer ɗin sau ɗaya ka ajiye shi a gurbin static. Duk ginawar da aka yi da overrides tana haifar da sabon assembly, wato ƙunshin shiri, wanda ba a cire shi daga ƙwaƙwalwa, a hankali ƙwaƙwalwar sabar ta cika.