Darasi na 7: Ƙurar hunturu da numfashinmu

Daga watan Nuwamba har wajen Maris duk mazaunin Kano ya san yadda gari ke wayewa, hazo ya lulluɓe ko'ina, kana cikin birni amma da ƙyar kake hango Dutsen Dala, wani lokacin ma jirgi ya kasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Ka goge tebur da safe, kafin azahar sai ka iya rubuta sunanka a kai da yatsa.

To wannan ƙurar ba a unguwarmu aka tayar da ita ba. Da yawanta daga ƙasar Chadi take zuwa, wani ƙaton kwari da ake ce wa Bodele a wajajen garin Faya, can da daɗewa ruwan tafkin Chadi ne ya cika shi, da ruwan ya janye sai ya bar busasshiyar laka mai laushi kamar garin tuwo, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta biyo ta Nijar ta zube mana. Mai kauri-kaurin cikinta gashin hanci da majina suna tare ta, shi ya sa in ka fyace sai ka ga majinar ta yi launin ƙasa. Amma akwai wadda ido ba ya gani, ita ce ke wucewa har cikin huhu, kuma ita ta fi wahalar da jarirai da tsofaffi da masu asma.

Iska dai ba wanda ya isa ya tsayar da ita. Abin da ke damuna shi ne hayaƙin da mu muke ƙarawa da hannunmu. Sanyin asuba ya yi, samari sun cinna wa tsohuwar taya wuta a bakin layi suna jin ɗumi, can an banka wa bola wuta da ledoji a ciki, yara na wucewa makarantar allo suna shaƙa. A cikin gida kuma uwa ta cika kasko da garwashi ta shigar ɗaki, ta rufe ƙofa ta toshe taga da tsumma don kar jariri ya ji sanyi, tausayi ne ya sa ta, amma gawayi yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, mutum zai fara da ciwon kai da jiri, barci ya ɗauke shi, wani ba ya tashi. Don Allah iyaye mata, a ɗumama ɗakin tun da wuri sannan a fitar da kaskon waje kafin a kwanta, a ƙara wa yaro riga da hula da safa. Janareta ma haka, kada a kunna shi a zaure ko jikin tagar ɗakin kwana.

Wajen shara, a yayyafa ruwa kafin a sa tsintsiya, kayan ɗaki a goge da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kaɗewa. Randa da abinci a rufe. 'Yan adaidaita da masu talla da ke yini a titi su sa takunkumi, in babu ko rawani ko mayafi ne a rufe hanci, ya fi babu. A sha ruwa ko ba a jin ƙishi, man kaɗanya kuma ga leɓe da faso.

Yanzu ga inda nake so ku natsu. Mura da tari a hunturu ba baƙo ba ne, amma in yaro yana tari, ku bari ya natsu ku ɗaga rigarsa ku ƙirga numfashinsa na minti ɗaya da agogon waya. Ɗan wata 2 zuwa shekara 1 in ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, ko kuma kun ga ƙasan haƙarƙarinsa na shigewa ciki in ya ja numfashi, a tafi asibiti ranar, ba kemis ba. Babba kuma in tari ya kai sati 2 a je a gwada kaki saboda tarin fuka. Mai asma kada ya fita ba abin shaƙarsa a aljihu.

Sai sanƙarau, wanda ya fi tashi in hunturu ya ja baya zafin bazara ya shigo, manyanmu ba su manta abin da ya yi a Kano a 1996 ba. Zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai, wuya ya sandare, jariri maɗigarsa ta kumbura, wannan ba a kwana da shi a gida. In masu rigakafi sun zo a fito da yara, kuma a rage cunkoso a ɗakin kwana in da hali.

Aikin gida: kowa ya ƙirga numfashin yaro ɗaya a gidansa, ya rubuta shekarun yaron da lambar da ya samu a littafinsa, gobe mu karanta tare a allo.